Ruwan Madam Hinda

Yamai, watan Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Rahama, a Magariya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Inna Fadi can Kwaya da ciwon ƙafarta. Ni na sauka lafiya, sai dai kujerar kar, babbar motar fasinja, ta bar min ciwon baya, ga shi an fara sitajin, horon da ake ba mu malamai, tun ban huta ba. Sai damina za su sake mu, in Allah ya kai mu.

Na faɗa miki komai da baki, amma na san halinki, kina cewa to tun mutum bai rufe bakinsa ba. Shi ya sa na rubuto. Karatun manyan da kika yi a Kwaya yau ga ranarsa. Ki ajiye takardar nan kusa da akwatin gilashin. Alhassan shofer, mai tuƙa kar ɗin, zai riƙa kawo miki wasu, ki riƙa ba shi amsa.

Abin da na bar miki rai ne, ba kayan ado ba. Ƙumbar teku ce, ƴar'uwar wadda yara ke tsinta a bakin tafki, sai dai ita in ta buɗe ɓawonta nama ne ja wur da geza kamar harshen wuta. Su huɗun nan a cinyata na riƙo su cikin jarka tun daga Kwatano, don ƴan kolej ɗina su ga abin da ke rayuwa a teku, tunda tekun ba zai zo Magariya ba.

Kwalaben koren ruwan da ke taga ba ƙazanta ba ce, kada tsabtarki ta motsa ki zubar. Tuwonsu ke nan. Ba su da haƙori ba su da hannu, ruwa suke tacewa su ci ƙananan tsirran da ido ba ya gani. Bayan la'asar ki kashe pompon da ke juya ruwa, ki zuƙi koren a sirinji marar allura, ki matsa a hankali ta gefen da ruwa ke zuwa musu. Kada ki fesa musu a baki, rufewa za su yi su wuni da yunwa. Su kuwa yunwarsu ba ta kuka, sai dai ki ga jan yana koɗewa.

In zafi ya shanye ruwa, gishirin bai tafi ko'ina ba. Ki cika da ruwan filta zalla zuwa layin da na ja. Buhun gishirin teku na canjin ruwa ne kawai, kaɗan ran Juma'a, da ma'aunin da na nuna miki. Zai kai mu damina har ya yi saura. Ban da gishirin miya, ban da kanwa, ban da kwanon ƙarfe. In ɗaya ta tafi ta ɓuya a lungun dutse, ki ƙyale ta. Zare take saƙawa ta ɗaure kanta inda ta zaɓa, wanda ya ɓamɓaro ta ya ji mata ciwo.

Ina da ƴan'uwa na kusa a garin nan, amma ke na ɗauko daga Kwaya na ba makulli, don kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito, kuma ban taɓa jin an ce kin taɓa abin wani ba.

Yayarki,
Hinda

Magariya, watan Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hinda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da karatu, ina gaishe ki da baƙunta. Mu nan lafiya lau. Inna ta aiko a gaishe ki, ƙafar da sauƙi, har ta fita roron gyaɗa duk da an hana ta. Hatsi ya yi kyau a Kwaya bana, wake ne dai tsutsa ta taɓa.

Ƴan jan bakinki suna nan ƙalau. Amma Yaya ba ki faɗa min suna tafiya ba! Ran nan ina shara, sai ɗaya ta hau tafi da ɓawonta, ta tashi daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar kazar da aka kora. Na yar da tsintsiya na yi waje ba takalmi. Yanzu ta shige can ƙarƙashin babban dutsen, sai gezarta kawai ake hange. Na ƙyale ta yadda kika ce.

Koren ruwan ina ba su kullum, ko da yake raina ba ya so. Ruwan da a Kwaya ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sa baki, wai shi ne abincin ƴan gata.

Hajja maƙwabciyarki ta shigo aron taɓarya ta gan su, ta yi ta salati har ta manta abin da ya kawo ta. Tun ranar mata suke leƙowa gaishe su. Ban sani ba ko in hana. Gidan ya yi min girma ni kaɗai, in sun zo ina samun abokan hira.

Ƙanwarki,
Rahama

Yamai, watan Disamba

Rahama,

Na gode Allah da lafiyarku. Ni ma ƙalau nake, ban da tuwon shinkafar garin nan da ya ishe ni. A gaida Inna, a ce mata gyaɗar ba za ta gudu ba, ta zauna ta huta.

Na yi dariya har abokiyar ɗakina ta ɗauka aljanu ne. Ke da kika kashe kububuwa a rumbun Inna, ƙumba ta fitar da ke ba takalmi?

Matan da ke zuwa, kada ki hana kowa. Don a gani na kawo su. Na daɗe ina roƙon iyayen ɗalibaina su zo su duba da idonsu suna min yanga, ga shi ke kin jawo su da hira. Duk wanda ya zo ki buɗe masa ƙofa, ki gaya masa dabba ce, tana ci tana kashi kamar akuyarsa. Ido kawai, ban da hannu. Wallahi kin faranta min rai.

Yayarki,
Hinda

Magariya, watan Fabrairu

Yaya Hinda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da shiruna, hidima ce ta yi yawa. Lafiyata lau, har na yi ƙiba. Inna ma lafiya, na aika mata da zabi biyu.

Baƙi suna ta zuwa yadda kika ce a bari, har daga ƙauye. Panon hasken rana da batirin da ke ba pompo wuta ba su ba ni matsala ba. Kin aiko Alhassan ya tambaye ni launinsu. Duka huɗun jajaye ne, duk wanda ya shigo zai shaida.

Abu ɗaya ne, gishirin ya zo gindin buhu. In da hali ki aiko da wani da wuri.

Rahama

Yamai, farkon watan Maris

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da zafin da ya fara. Ni mura ce ta taɓa ni, ta sake ni.

Na yi ta jiran takardarki har na fara mafarkin ɓawo a buɗe, sai ga layi shida kamar wadda aka tsare da bindiga ta rubuta. Amma tunda jajaye ne, alhamdulillahi, na yi barci.

Gishirin ne ban gane ba. Buhun da zai kai damina ya ƙare tun ba a yi sharar gona ba? Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai kina canja ruwan fiye da yadda na ce, don son tsabta? In haka ne ki rage, yawan canji ma wahala ne gare su. Na zaga Yamai a ƙafa kafin in samu irinsa, ga shi nan wurin Alhassan. Ki sa kwalaben ƙanƙara daga firigo su yi iyo a akwatin in rana ta take, fanka kuma kada ta tsaya.

Zabin da kika aika wa Inna, a ina kika samo? Ko wani ne ke zuwa gaishe da ke, ba ƙumbar ba? In haka ne ki faɗa min in fara tara kwanoni.

Yayarki,
Hinda

Yamai, watan Afrilu

Rahama,

Ina fatan kina lafiya. Ni jikina lau, zuciyata ce ba lau ba.

Jiya na je tasha ko akwai takardarki. Babu. Sai Alhassan ya sauko daga kar ya durƙusa min a gaban jama'a, yana cewa, "Madam, Allah ya saka miki, uwargida ta samu sauƙin jirin nan." Na ce wane jiri, me na yi mata? Ya yi dariya ya ce, "Kai Madam, ke dai ba kya son yabo." Ya sa hannu ƙarƙashin kujerarsa ya zaro kwalba. Ya ce wannan na surukarsa ne. Ya ce ruwan Madam Hinda ai har Dungas an san shi, ran kasuwa amalanken ƴan Dancawo da Dogo-Dogo a ƙofar gidana suke kwance jakuna.

Na karɓi kwalbar na ɗanɗana, Rahama. Kanwa na ji, da gishirin kantu na lasar shanu. A tsaye nake a tsakiyar tasha, mutum yana min godiya, ni kuwa ina jin ɗanɗanon abin da dabbobina suke numfashi a ciki.

Kin san abin da na sha a kan akwatin nan? Da na kawo shi cewa aka yi Madam ta je bakin teku ta sayo tsafi. Wasu iyaye suka hana ƴaƴansu shiga ajina. Direktan kolej ya tara su, na tsaya a gabansu na rantse cewa halittar Allah ce kamar kowace, ba ta ba da komai ba ta hana komai. Da ƙyar aka daina nuna ni da baki a kasuwa. Yau ga shi daga ɗakina, da makullina, ƴar'uwata ta tabbatar musu da abin da suka faɗa. Kuma ba ki sa sunanki ba, nawa kika sa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ruwan da dabba ke kashi a ciki kike ba mutane su sha. Mai hawan jini ya sha gishirin nan ya faɗi, wa za a nema? Kuma ni da ƙafata na zaga Yamai na sayo miki jarin, ina tsokanarki da miji. Ban taɓa jin na zama sakarya kamar jiya ba.

Kin ci amanata. Na rubuta shi ne don kada ki ce ba ki gane ba. Ki rufe ƙofar nan yau. Sannan ki rubuto min gaskiya: nawa ne suke da rai?

Hinda

Yamai, ƙarshen watan Afrilu

Rahama,

Ina gaisuwa. Alhassan ya rantse ya ba ki takardata hannu da hannu, ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Ba za su ba ni izinin tafiya ba sai an gama jarrabawa, kin kuma san haka. Tambaya ɗaya na yi miki. Nawa ne?

Hinda

Magariya, watan Mayu

Yaya Hinda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Lafiyata ba daɗi, ba na iya cin abinci. Inna ba ta san komai ba.

Ɗaya ce.

Zan faɗa miki yadda aka yi, in kin so ki yarda. Hajja ce ta fara. Tana da ƙaiƙayi a hannu, ina juya baya ta tsoma shi a ruwan. Bayan kwanaki ta dawo tana nuna wa kowa hannun ya bushe. Sai ta ce in ɗan sam mata a kofi don jikarta. Tsohuwa ce sa'ar Inna, da wane bakin zan ce mata a'a? Daga kofi aka koma kwalba. Ban taɓa cewa magani ne ba. Ban kuma taɓa cewa ba magani ba ne, wannan na yarda. Ban sa wa kowa kuɗi ba, su ne ke ajiye gyaɗa da ƙwai da zabi a bakin ƙofa.

In na ɗiba sai in cika da ruwan filta, yadda takardarki ta ce. Sai matan suka ce ruwan ya salance, ƙarfinsa ya tafi. Na riƙa ƙara gishiri ina gwadawa da harshe. Da buhun ya ƙare, kafin naki ya iso, na daka kantu na sa da ƴar kanwa. Koren kuma suka ce ba za su sha ruwa da gansakuka ba. Na rage, na rage, har na daina. Na ga ƴan jan bakin ba su yi komai ba, na ce ashe suna iya haƙuri.

Mutum ya taso daga Dogo-Dogo a amalanke da rana a kansa, ya zo ya tarar da dutse kawai? Sai in sa hannu in ciro su in jera a gaba. Ta farko ta mutu tun da sanyi. Na tarar da ita a wangale tana wari. Tsoro ya kama ni, na wanke ɓawon, na cusa jan zaren saƙa a ciki, na liƙe da kol na masu gyaran takalmi, na mayar. Ba wanda ya gane. Haka na yi wa ta biyu da ta uku. Ta huɗun ita ce wadda ta shige ƙarƙashin babban dutse, hannuna ba ya kai wa gare ta. Tana motsi, amma janta ya koma kamar na tsohon zane.

Kin ce na ci amana, na ci. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun da mijina ya rasu, a Kwaya sunana "ke". Na zo gidanki ina murna, ran da abokan aikinki suka zo yi miki bankwana kika nuna ni kika ce, "Ga yarinyar da za ta riƙe min gida." A takarda ne nake ƙanwarki. Sai ga tsofaffi masu furfura suna tuɓe takalmi a ƙofa, suna durƙusawa suna ce min ranki ya daɗe. Yaya, tun da uwata ta haife ni ba a taɓa durƙusa min ba. Na san zai ƙare, na kasa tsayar da shi da hannuna.

Na rufe ƙofa tun ran da takardarki ta zo. Yanzu matan da ke min addu'a su ne ke zagina ta katanga, wai na ga albarka na hana talaka. Ki faɗa min yadda zan yi da wadda ta rage.

Rahama

Yamai, watan Mayu

Rahama,

Na samu takardarki. Allah ya ba ki lafiya.

Ki fitar da ɓawon nan uku da zarensu yanzu, kol ɗin guba ne. Kada ki juye ruwan gaba ɗaya, canjin zai kashe ta. Kullum ki ɗebe kaɗan ki mayar da sabo, da gishirin da na aiko, da ma'auni. Harshenki ya huta. Kwalaben taga in sun koma ruwan ƙasa suna wari sun mutu, ki zubar. Akwai ɗaya a bayan firigo da na ajiye don iri, ki girgiza ki ba ta kaɗan safe da yamma, pompo a kashe. Kada ki ɗaga dutsen don ki duba ta. Ki wuce da inuwar hannunki ta samanta, in ta rufe tana da rai.

Maganar da kika ce na faɗa a gaban baƙi, na ji. Da ni kika tara da ita, da mun zauna mun yi ta har wani ya yi kuka. Amma ba ni kika bari da yunwa ba. Kuma lokacin da kike rubuta min cewa duka huɗun jajaye ne, da zaren a hannunki, ni ina nan ina yi miki addu'a.

In ta mutu, ki zubar da ruwan duka. Ko cokali kada kowa ya samu.

Hinda

Magariya, watan Yuni

Yaya Hinda,

Ina gaishe ki da jarrabawa, Allah ya ba da sa'a. An yi ruwan shuka a Kwaya, Inna ta aiko in koma.

Na yi duk yadda kika ce, Allah shaidata. Har ta fara buɗewa in na kawo sirinji, na ce ko za ta tashi. Ran Juma'a da safe na wuce da hannuna ta samanta, ba ta rufe ba. Na sake, na sake. Ita ban sa mata komai ba, na wanke ta kawai.

Na kulle ƙofar gida na kwashe ruwan da bokiti na zubar a tsakar gida. Ban yi tunanin rariya ba. Ruwan ya bi ta ƙarƙashin katanga ya fita titi. Da na ji hayaniya na leƙa, sai na ga mata a durƙushe da kwanoni da murafan kwalba suna kankare taɓon. Hajja tana ce musu ƙasar ma ta fi ruwan ƙarfi, tunda ta tsotse shi. Na fito na ce musu ƴan jan bakin sun mutu, duka sun mutu, zare ne kuke gani tun da sanyi, ni na saka shi. Wata ƴar Dancawo ta ɗago ta ce, "Baiwar Allah matsa, kin taka mana wuri."

Na share ɗakin, na rufe akwatin da zane. Makulli da ɓawon huɗu suna cikin ƙullin da ke tare da takardar nan. Gobe zan hau kabu-kabu zuwa Kwaya. Ban ce ki yafe min ba, don ban san da wane baki ba.

Rahama

Yamai, ƙarshen watan Yuni

Zuwa ga Rahama, a Kwaya.

Ina gaishe ku da shuka, Allah ya ba da damina mai albarka. Na gama jarrabawa lafiya.

Ƙullin ya iso. Na zauna da wuƙa ina kankare zaren daga ɓawon, ya ƙi fita, kin liƙa shi da kyau.

Na nemi a canja min wurin aiki, ko Tanut ko Gure, duk inda suka ga dama. Ba zan iya tsayawa gaban allo a Magariya ina koyar da ilmin halitta ba, alhali rabin ajin da ƙullin taɓon ƙofar gidana a wuyansu. Kayana Alhassan zai kwaso min.

Zumunci ba ni na ƙulla shi ba, ba ni zan kwance ba. In an yi biki ko rasuwa za ki gan ni, za mu gaisa, za mu ci a kwano ɗaya. Ki gaida Inna. In ta tambaye ki me ya shiga tsakaninmu, ke ki faɗa mata. Ni ba zan iya ba, don na san dariya za ta yi, ta ce yanzu a kan ƙumba.

Hinda